Amsa: Firji yana gurnani, yana yankewa, kuma ba ya sanyi

Malam, ka ce firjinka yakan yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai ka ji "ƙyas" ya yi tsit, bayan mintuna kaɗan ya sake, kuma ruwan da ka saka tun safe bai yi sanyi ba. Wannan alama ce ta cewa kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin da ke sa firji sanyi, yana yunƙurin tashi yana kasawa, sai na'urar da ke kare shi daga zafi ta yanke masa wuta.

Sau da yawa laifin ba na kwamfireson ba ne, na ɗan rilen da ke manne a gefensa ne, wato 'yar na'urar da ke taimaka masa ya tashi. Ka zare filogi tukuna, ka cire rilen, ka girgiza shi kusa da kunnenka; idan ya yi kacau-kacau kamar akwai tsakuwa a ciki, to ya lalace, kuma canza shi ba babban aiki ba ne. Ƙarancin ƙarfin wuta ma yana haifar da irin wannan, don haka a auna wutar kafin a sayi komai. Ni dai ban yarda da mai gyaran da zai ce a ƙara gas tun bai duba waɗannan ba, domin gas ba ya raguwa sai in bututu ya huje.

Ƙarar da ke kama da gudun ruwa a bangon firjin ba matsala ba ce, gas ne ke zagayawa. Bayan gyara, ka share ƙurar bayan firjin, ka sa ma'aunin zafi a ciki: ya kamata ya nuna digiri 4 na Salsiyos a ɓangaren sanyaya abinci, a firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili (-18).