Ina Zan Ɗaure Jirgina Idan Hadari Ya Taso?

Tambayoyin wannan mako duk daga bakin ruwa suka zo, kuma sun zo a kan gaɓa, domin damina ta kawo kai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin katako mai inji, ina jigilar kaya daga wajen Shagunu, a bakin Tafkin Kainji, zuwa kasuwannin tsallake. Tafiya ta kama ni ta mako biyu. Bara a kan idona iska ta farfasa jirgin maƙwabcina a kwata. Da ɗan abin da ke hannuna, in sayi sarƙa mai kauri ne, ko in biya a kai min jirgin wani wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka biya a kai shi wani wuri, maganar sarƙa ta biyo baya. Jirgin maƙwabcinka ba rashin ɗauri ne ya ci shi ba, wurin da aka ɗaure shi ne.

Hadarin farkon damina a ƙasarmu daga gabas yake tasowa. Duk mai ɗakin ƙasa ya san bangon gabas ne ke fara zubewa, to haka abin yake a bakin ruwa, sai dai a nan gaɓar yamma ce ke shan dukan, ita ce ke fuskantar gabas. Kai kuwa a gaɓar yamma kake. Tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968, ya miƙe daga kudu zuwa arewa fiye da kilomita 130, kuma a inda ya fi faɗi ya haura kilomita 20. Iskar da ta baro wajen Wara tana ratsa wannan fili ba tudu ba itace, tana tara igiyar ruwa tana ƙara mata tsayi, sai ta zo ta sauke ta a kan jiragen da ke gefenku. Mutumin da ya ɗaure nasa a gaɓar gabas, a ƙarƙashin tudu, iskar ta bi ta samansa ta wuce. Hadari ɗaya ne, amma da safe labarinsu daban.

Ga gwajin da nake so ka yi. Ka tsaya a wurin da kake tunanin barin jirgin, ka fuskanci gabas. Idan ruwa ne shimfiɗe iya ganinka, bar wurin nan. Abin da kake nema shi ne ka ga ƙasa kusa da kai: lungun da ruwa ya shiga cikin tudu, ko bakin wani rafi da ke zuba a tafkin, ko bayan gungu, wato tsibiri, ta ɓangarensa na yamma. Sannan ka juya kudu maso yamma, inda iskar damina ta yau da kullum ke fitowa. Ba ta da zafin ta hadari, amma tana iya wuni tana kaɗawa, ta yi ta goga jirgi a jikin dutse har katako ya ci. Lungun da ya kare ka ta fuskokin nan biyu, ko da zai sa ka tafiyar rabin awa a ƙasa kafin ka isa gida, ya fi kwatar ƙofar gida.

Bayan haka ka sa gora ka taɓa ƙasan ruwan. Laka kake so, ko yashi mai tauri. Ka zagaye wurin da gorar sosai, saboda akwai kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye, suna nan a tsaye ƙarƙashin ruwa. Wannan ya fi muhimmanci a wannan lokaci na shekara. Ruwan Kainji yana cika ne da baƙin ruwa mai isowa daga tsaunukan Gini a watannin sanyi, daga nan ya yi ta ja da baya har tsakiyar damina, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai kusan mita 10. Wato inda ka bar jirginka yana yawo yau, bayan mako biyu yana iya zama a kan kututture, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana buga shi. Ka bar masa zurfi fiye da yadda kake ganin yana bukata.

Kada ka yanke shawarar nan kai kaɗai. Ka je wurin Sarkin Ruwa ko dattawan Sarkawa na yankin, ka gaishe su, ka tambayi inda suke ɓoye nasu jiragen. Sun san lungun da bai taɓa cin jirgi ba, sun kuma san wanda yake da kyau a ido amma dorina ke kwana a ciki.

Idan kana da majiya ƙarfi da za su ja jirgin tudu a kan gungume, wannan ya fi komai kwanciyar hankali, muddin za a sa shi a inuwa don kada rana ta buɗe haɗin katakon. Idan kuwa a ruwa zai zauna, to ka ware kuɗin mai kwarfe ruwa kafin kuɗin sarƙa. Mu yi lissafi: jirgin da buɗaɗɗen cikinsa ya kai murabba'in mita 15, idan aka yi ruwan milimita 60 a dare ɗaya, lita 900 ce ta zauna a cikinsa, nauyin kilo 900. A yi ta sake yin irinsa ba wanda ya kwarfe, jirgin yana iya nutsewa a wurin da ko iska ba ta taɓa shi ba. Ka samo yaro mai amana, ka ba shi rabin kuɗinsa yanzu, rabi idan ka dawo, da sharaɗin duk safiyar da aka kwana da ruwa zai leƙa.

Tambaya: Ni mai sana'ar kifi ce a Yawuri. Na saya wa ɗana kwalekwale. A kasuwa na ga shuɗiyar igiya mai araha da fara mai tsada. Wacce zan saya?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa sana'ar yaron albarka. Ki sayi farar, in dai ta nailan ce ta gaske. Nailan tana miƙewa idan an ja ta, saboda haka duk sanda igiyar ruwa ta fizgi kwalekwalen, ita ce ke shanye fizgar, ba hancin jirgin ba. Shuɗiyar nan ta roba ba ta kai ta ƙarfi ba, rana kuma tana cinye ta daga waje har ta koma gari. Ta yi daidai da ɗaure koma ko kaya, ban yarda a bar mata jirgi da dare ba.

Launi kaɗai ba shaida ba ne, don akwai farar roba. Ki sa mai shago ya yanko miki ɗan guntu ki jefa a bokitin ruwa: ta roba tana tasowa sama, nailan tana nutsewa. Ga kwalekwalen kamun kifi, mai kaurin milimita 12 ta isa. Ki sayi tsawon da zai yi ɗauri biyu, kowanne da turkensa.

Abu guda da mutane ke mantawa: igiya ba a tsakiya take tsinkewa ba, a inda take gogar bakin katako ne ko dutse. Ki nemi tsohon tiyo a yanka a zura igiyar ciki a daidai wurin nan. Kuma ki duba abin da aka ɗaura ta a jikinsa. Zoben da aka kafa da ƙusa biyu fita zai yi, gara a huda katakon hancin a sa ƙarfe mai noti.

Tambaya: Wani ya ce in zuba kankare a bokiti ya zama anka, wato abin da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, wani ya ce in je wurin mai walda. Wanne ya fi riƙo?

Amsa: Ɗan'uwa, je ka wurin mai walda. Kankare yana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa idan ya shiga ruwa: mai kilo 100 a tudu bai kai 60 ba a ƙasan tafki, kuma ba ya kama komai, jan sa kawai ake yi a kan laka. Ƙarfe yana riƙe kusan kashi 87 na nauyinsa, ga shi anka mai ƙugiya tona ƙasa take yi tana shiga. Ka duba waldar da idonka, musamman inda ƙugiyoyin suka haɗu da sandar da kuma zoben sama.

Amma ko ankar wane gwani ce, ba za ta riƙe ba idan igiyarta gajera ce. Igiya a tsaye tumɓuke anka take yi, a kwance kuwa ƙara nitsar da ita take yi. Don haka a lokacin hadari ka saki igiya ninki bakwai na zurfin ruwan: zurfin mita 3, igiya mita 21. A nan ne sarƙa ke da amfani, mita 4 ko 5 tsakanin ankar da igiyar, nauyinta ya kwantar da jan. Ka ɗaura a hancin jirgi don ya fuskanci igiyar ruwa. Kada ka kuskura ka ɗaura ta baya, inda nauyin inji ya riga ya danne jirgin, ta nan ruwa ke fara shiga. Ka kuma lura jirgi a kan doguwar igiya zagayawa yake yi, sai ka ba shi fili. Inda jirage suka yi cunkoso, tsofaffin tayoyi a gefe suna hana su fasa juna.

Tambaya: A Binuwai muke aiki, kusa da Numan. Mukan ɗaure a jikin wata babbar bishiya a bakin gaɓa. Akwai laifi?

Amsa: Malam, ya danganta da gefen da bishiyar take. Inda kogi ya yi kwana, gefen waje ne ruwa ke gudu yana cin gaɓa ta ƙasa, bishiyar da ke nan wata rana da jirginka za ta tafi. Gefen ciki, inda yashi ke taruwa, ruwansa a hankali yake. Ku koma can, ku kafa turke mai zurfi a tudu.

Matsalarku ta bambanta da ta mutanen tafki, domin ku ruwa ne ke tashi cikin dare. Kuna ƙasa da madatsar Lagdo ta Kamaru, kun kuma ga ambaliyar da aka yi a 2012 da 2022. Jirgin da aka ɗaure tamau da gajeriyar igiya, ruwa na ɗaga shi igiyar na danne hancinsa har ya sha. Ku bar rara a igiya, ku ɗaura ta a sama ba a gindi ba, ku riƙa cire kainuwa da itacen da ruwa ya kawo ya jibge a kanta. Sanarwar hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ta sakin ruwan madatsar da ake yi a rediyo, ku saurare ta da gaske.

Tambaya: Ina kwana cikin jirgin maigidana don gadin inji. In hadari ya taso in zauna ko in fita?

Amsa: Ka fita, ɗana, tun iska ba ta iso ba. Ba abin da za ka iya yi wa jirgi a cikin duhu da tsawa, kuma mutum a buɗaɗɗen jirgi ba shi da kariya daga aradu. Kada kuma ka fake a gindin doguwar bishiyar bakin ruwa. In dole ta sa ka shiga gyara igiya, ka sa rigar kariya, wani kuma ya tsaya a gaɓa da fitila.

Ka gaya wa maigidanka cewa injin da ake rataya wa jirgi a baya, irin Yamaha 40, mutum biyu na iya cire shi su kai ɗaki, a jingine shi a tsaye, tankin mai a ajiye nesa da wuta. Idan an yi rashin sa'a ya nutse, a fito da shi, amma kada a yi ƙoƙarin kunna shi. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a cire fulogi, a juya shi da hannu ruwan ya fita, a zuba ɗan baƙin mai a ramin fulogin, a kai wa makaniki a ranar, kafin tsatsa ta kama cikinsa.