Kaduna ba ta da teku, ina amfanin karatun halittun teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Na kammala digiri a nazarin halittu, ina son in zurfafa a fannin halittun teku da kare muhallinsu. Mahaifina ya ce ɓata shekaru zan yi, tunda Kaduna ba ta da teku, kuma bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da wannan ilimi ba. Ina tsoron kada in gama in dawo gida zaman kashe wando. Daga wani matashi a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Baba yana da gaskiya ta wani gefen: guraben aikin ba su da yawa, kuma dole ka yi nesa da gida. Digiri na biyu sai ka nufi Jami'ar Legas ko ta Kalaba. Babbar cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, tana Legas tun 1975, kuma a 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Amma aikin yi yana nan: gaɓar tekunmu ta haura kilomita 800. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ɓarnar mai a ƙasar Ogoni kaɗai zai ci shekara 25 zuwa 30. Ka koyi iyo, amma ka fi ba ƙididdiga da kwamfuta ƙarfi, don yawancin aikin awo ne da lissafi.

Inda zan tsaya shi ne maganar nan ta "ba mu da teku", domin ita ce uwar wata magana da nake ji kullum har ta ishe ni: "ruwa ya tafi da shi". Ya tafi da shi ina? Ledar da aka tura kwata a Kasuwar Barci, ruwan sama na farko zai kai ta Kogin Kaduna. Kogin ya ratsa Shiroro, ya faɗa Kwara daura da Pategi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya zube a Tekun Atlantika. Abin da bai kai can ba yana nan kwance a taɓo, kifi na kiwo a kansa.

Mafi muni shi ne masu zuba maganin ƙwarin nan Gamalin a gurbi don kifi ya taso. Ka yi musu magana su ce ai ruwa mai gudu ne, ko su ce da an wanke kifin an yi masa banda shi ke nan guba ta fita. Wallahi ba ta fita. Sinadarin lindane da ke cikinsa ba a fata yake tsayawa ba, kitsen kifin yake shiga ya zauna, hayaƙi ba ya kore shi. Yana taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa har ya jawo jijjiga, musamman ga yara. A 2009 aka sa shi cikin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da su a noma, a 2015 kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo cutar daji. Ga shi ba ya zaɓe: uwa da ƙwai da 'ya'yan kifi duk yake kashewa, masuncin kirki ya jefa birgi baɗi ya fito da wofi. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta zuba guba, to amma wa ke bin gurabe yana dubawa? Takarda tana ofis, mai tallan guba yana kasuwar ƙauye yana rantsuwa ba ta da illa. Wanda ya sayar wa mutane irin wannan kifi ya sani amana ya ci, kuma hakkin yaran da suka ci ba zai bar shi ba.

Saboda haka kada ka jira Legas kafin ka fara. Ka leƙa Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, ka kuma nemi horo a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa. Ka ɗauki binciken digirinka a kan ragowar guba ko ɓurɓushin roba a cikin tarwaɗa da karfasar Kogin Kaduna, daga gaban masana'antun Kakuri zuwa ƙasa. Na'urori da dabarun awon duk ɗaya ne da na teku, kuma da irin wannan aiki ake neman tallafin karatu. Ka zauna da Baba cikin ladabi ka nuna masa wannan tsari, ka roƙi albarkarsa.