Ga ɗan'uwan da ke son sabunta fasfo alhali ofishin ya yi wa garinsu nisa

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa, don ba abin amsawa a layi biyu ba ne. Ka ce fasfonka saura wata bakwai ya ƙare, garinku babu ofishin fasfo sai an yi tafiyar rabin yini, kana so ka yi wa Hajiya mahaifiyarka sabo, sannan wani ya ce ka ba shi kuɗi da takardu ya gama maka komai kana zaune a gida. Ni ma a ƙaramin gari nake. Na sabunta nawa sau biyu, na yi wa mai ɗakina, na yi wa ɗana, na yi wa mahaifiyata, kuma a nata ne jiki ya gaya mini.

Mu na nesa, zirga-zirga ce ke cin mu fiye da kuɗin fasfon kansa. Mutumin birni idan aka ce masa takarda kaza ba ta cika ba, sai ya koma gida ya ɗauko, kafin azahar ya dawo. Kai kuwa wannan kalmar guda ta cinye maka yini biyu, da kuɗin mota, da na wurin kwana, da aikin da ka baro. Shi ya sa duk lissafina yake kan yadda mutum zai je sau biyu kacal: ranar ɗaukar hoto da yatsu, sai ranar karɓa. A na mahaifiyata sai da na taka hanyar nan sau biyar.

A wani shagon intanet aka cike mana fom. Yaron ya tambayi sunanta, na faɗa masa da baki, ya buga yadda kunnensa ya ji, ni kuma ina tsaye a bayansa ina amsa waya. Ya fitar da takarda, na biya, na ninke na jefa aljihu ko kallo ban yi ba. Ranar da aka ba mu muka fita tun duhun asuba, dattijuwa mai ciwon gwiwa, muka isa muka bi layi har rana ta take. Da aka zo kanmu, jami'ar ta ɗora fom ɗin a gefen katin shaida, ta sa gindin biro tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Sai biron ya tsaya. Ta juyo takardun wajena ba tare da ta ce komai ba. A kati sunan mahaifin Hajiyata Muhammad, a fom Mohammed. Ta gangara ƙasa kaɗan ta sake tsayawa: a kati ranar haihuwa 3 ga watan 7, a fom 7 ga watan 3, yaron ya sa wata a gurbin rana. Na fara bayanin ai duk suna ɗaya ne. Ta ce ita ma ta san ɗaya ne, amma a wajen na'ura mutum biyu ne. Hajiya ba ta ce uffan ba har muka hau mota. Sai da muka yi nisa ta tambaye ni a hankali ko dai ni ma karatun ban iya ba ne.

Na ji haushin jami'ar a ranar, amma daga baya na gane ba ta da abin yi. Ɗauko tsohon fasfonka ka buɗe shafin da ke da hotonka, ka dubi can ƙasa. Za ka ga layi biyu cike da haruffa da lambobi da wata alama kamar haka <. Kowane layi gurbi 44 ne, kuma su na'urar filin jirgi take karantawa. Tsarin na hukumar ICAO ne, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, wadda ke birnin Montreal a Kanada, kuma ta sa 24 ga Nuwamba 2015 a matsayin wa'adin daina yawo da fasfon da na'ura ba ta iya karantawa. A layukan nan babu abin da ke shiga sai haruffan Turanci 26, da lambobi, da waccan alamar. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Ɗan waƙafin saman da ke cikin suna irin Sa'adatu ma faɗuwa yake yi, ya koma SAADATU, don haka in ka ga hakan kada hankalinka ya tashi, ba kuskure ba ne. Gurbi 39 aka ware wa suna gaba ɗaya, mai dogon suna sai a datse masa ƙarshe. Sunan dangi ake farawa da shi, a sa alamar sau biyu, sannan sunan yanka. Bayan haka kuma fasfunan yanzu akwai ɗan guntun ma'ajin lantarki a cikinsu mai ɗauke da wannan bayanin da hotonka; Malesiya ce ta fara irinsa a 1998. Abin da aka riga aka zuba a ciki biro ba ya gyara shi.

To, tun ran gini ran zane. Daren nan ka jera takardunka da na Hajiya a gabanka: tsohon fasfo, katin shaidar ɗan ƙasa, takardar haihuwa ko ta rantsuwar kotu, da duk wata takardar canjin suna in akwai. Ka bi su harafi-harafi kamar yadda matar nan ta yi mana. Abu uku za ka duba: rubutun suna, jerin sunan, da ranar haihuwa. Jerin nan shi ya fi kayar da mutane, domin da yawanmu ba mu da tsayayyen sunan dangi. A wannan takarda sunan uba ne a ƙarshe, a waccan na kaka, a wata kuma an fara da na uban. Ka tsayar da guda ka riƙe shi har abada. Dattawa kuma sau tari shekarar haihuwarsu kintata aka yi, wannan ofishi ya rubuta tasa, wancan ya rubuta tasa. In ka ga saɓani, kada ka ce bari na je can na yi musu bayani. A tushe ake gyarawa, wato a katin shaida, saboda ƙasashe da yawa yanzu sun ɗaure fasfo da rumbun bayanan 'yan ƙasa. A Najeriya, alal misali, sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma abin da ke cikinta shi ake bi. Gyaran kuwa yana da nasa layin da nasa jiran, sai ka sa shi a lissafi.

Batun wata bakwai ɗin da ka ambata, a gaskiya kusan wata ɗaya ya rage maka. Ƙasashe da dama, ciki har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna son fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma suna son ya wuce ranar da za ka bar ƙasarsu da wata uku, a ce cikin shekara goma da suka wuce aka yi shi, kuma ga mai neman biza sai da shafi biyu da ba a buga musu komai ba. Tun a teburin kamfanin jirgi ake tsayar da mutum, don in suka ɗauko wanda aka ƙi karɓa, su ne da asarar mayar da shi. Ka fara yanzu, kada ka bari sai lokacin da maniyyata da ɗalibai suka cika ofishin.

Shi wanda ya ce zai gama maka komai kana zaune, ka tambaye shi da fuskar wa za a ɗauki hoton Hajiya, da yatsun wa. Mai yin fasfo karon farko sai ya bayyana da kansa. A sabuntawa ne wasu ƙasashe suka sauƙaƙa, irin su Birtaniya da Amurka, inda baligin da ya cika sharuɗɗa zai iya yi ta intanet ko ta gidan waya. Naka sai ka duba shafin hukumar ƙasarku, nata na ainihi, don akwai shafukan bogi masu kama da shi sak. Ni ban ce duk mai taimako macuci ba ne. Akwai bambanci tsakanin wanda zai buga maka fom kana kallo ka sallame shi, da wanda zai karɓe kuɗinka da asalin takardunka ya shige gari. Wani maƙwabcina ya ba irin na biyun. Mutumin ya cike fom ɗin da gaske, ya ma biya, amma lambar wayarsa da imel ɗinsa ya sa. Da suka ɓata, duk saƙon da aka aiko wajen ejan ya tafi, har ranar ɗaukar hoto ta wuce mai fasfo bai sani ba. Don haka lambar waya taka, imel naka, biyan kuɗi da hannunka a inda hukuma ta ce, rasit da lambar neman kuma ka ɗauki hotonsu ka ajiye wuri biyu. Kafin a danna aikawa, ka ce a juyo maka allon kwamfutar ka karanta da bakinka. Bayan an biya, gyara ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Zuwana na biyu kenan, ni kaɗai, don haruffa biyu da ranar haihuwa.

Zuwa na uku shi ne na ɗaukar hoto, kuma a nan na koyi wani abu da ban taɓa ji ba. Na'urar ta ƙi karɓar yatsun Hajiyata. A ɗora, a danna, ta nuna ja; a goge gilashin a sake, ja. Shekaru da wanki sun shafe zanen. Haka ake fama da manoma da magina da duk mai aikin hannu, musamman lokacin sanyi da fata ke bushewa. Sai da jami'in ya ce ta hura wa yatsun iskar baki ta murza su, sannan da ƙyar aka samu. Kwana huɗu ko biyar kafin ranar, ta riƙa shafa mai da dare, ta huta da wanki da sabulu mai kaifi, amma ranar kanta kada ta je da maiƙo a hannu. Game da hoto, lulluɓi na addini ba matsala ba ne muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi ba inuwa. Ta guji fari tas, don bangon bayan yawanci fari ne ko mai haske, sai mutum ya narke a ciki. Tabarau a cire. In an ce ka zo da hoton kati, ka tambayi girman kafin mai hoto ya yanka: ƙasashe da yawa milimita 35 a 45 ne, Amurka kuma inci biyu a biyu.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. In da zaɓi ka ɗauki tsakiyar mako, ka kwana a garin in da hali, ka tafi da asali da fotokwafi biyu-biyu, da cajar waya, da maganin Hajiya. Da kun isa ka gaya wa na bakin ƙofa kana tare da dattijuwa. Mu dai an shigar da mu gaba da na yi magana. Ka tafi da shirin ƙarin kwana ɗaya, don sabis kan ɗauke a tsaya cak. Kafin ka zaɓi ofishi a fom, ka tambayi waɗanda suka je kwanan nan, domin mafi kusa ba lallai ya zama mafi sauri ba, kuma galibi inda ka zaɓa nan za ka koma karɓa. In akwai yaro a tafiyar, shi ma nasa daban, da amincewar iyaye a rubuce, kuma na yara bai cika daɗewa ba. A Birtaniya da Amurka ɗan ƙasa da shekara 16 na shekara biyar ake ba shi.

Zuwana na huɗu wautata ce tsantsa. Na ga ranar karɓa a ɗan katin da aka ba mu, na hau mota, na tarar bai fito ba. Ranar nan hasashe ce. Ka jira saƙo, ko ka duba ta lambar nemanka, sannan ka tashi. Tun ranar hoto ka tambaya ko suna aikawa gida, ko za ka iya karɓar na Hajiya da takardar izininta, don a huta da ɗaga dattijuwa.

Ranar karɓa kada ka bar gaban teburin sai ka karanta shafin hoton tun daga sama har layukan ƙasa: suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa, jinsi, ranar ƙarewa. Kuskuren da aka gani a nan ba ɗaya yake da wanda aka gano an koma gida ba. Tsohon fasfonka yawanci huda shi ake yi ko a yanke kusurwa a mayar maka. Kada ka yar. In akwai bizar da ba ta mutu ba a ciki, wasu ƙasashe, kamar Amurka, sun yarda ka tafi da tsoho da sabo tare, muddin bizar ba ta lalace ba, amma ko da wasa kada ka ɓamɓaro ta. Sabon zai zo da sabuwar lamba, shi ya sa ni ba na sayen tikiti ko cike neman biza sai yana hannuna, in kwafi sunan daga cikinsa kai tsaye. Ga wanda kuma nasa ya ɓata ya kai rahoto, ya sani lambar kan shiga rumbun Interpol, wato hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, na takardun tafiya da suka ɓata ko aka sace. Ko daga baya ya tsince shi a ƙasan akwati, ya riga ya mutu.

In ka jera takardun ka ga saɓani, ka dawo ka faɗi irinsa, ko na suna ne ko na shekara, sai a ga ta inda za a fara. Amma kada ka saka hoton katin ko na fasfon a nan, ko da mutum ya ce zai duba maka. A gaishe da Hajiya.