Tambaya da Amsa: Jinyar Mai Tsohon Ciwon Huhu Idan Sabuwar Cuta Ta Kama Ƙirjinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu, wanda likitoci ke kira COPD, kuma an shaida mana cewa ba a sa ran warkewa, sai dai a riƙa sauƙaƙa masa. Kwanan nan tarinsa ya ƙaru, kakinsa ya koma kore, yana haki ko a zaune yake. Wasu 'yan'uwa sun ce a ƙara masa oksijin, wasu kuma sun ce ba shi magani yanzu wahala ce kawai. Yaya za mu yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka muku da alheri.

Alamu uku da kika lissafa, wato ƙaruwar haki, yawan kaki da sauyin launinsa, su ne likitoci ke dubawa kafin su rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka ki sanar da likitansa ko nas ɗin da ke duba shi yau ɗin nan. Kada rashin zazzaɓi ya ruɗe ki, domin sau da yawa tsoho yakan kamu da nimoniya, wato cutar da ke kumbura huhu, jikinsa bai yi zafi ba, sai dai a ga ya rikice, ya daina cin abinci, ko barci ya yi masa yawa. A ganina, masu cewa magani ba shi da amfani sun yi gaggawar yanke hukunci. Kulawar sauƙaƙa wahala ba ta hana magani, ma'auninta kawai shi ne ko maganin zai rage wa majinyaci wuya. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 5 zuwa 7 a gida yakan rage kaki da haki, alhali kwanciyar asibiti da allurar jijiya na iya zame masa nauyi. Idan Baba yana cikin hayyacinsa, a tambaye shi abin da yake so, kuma a sanar da likita tun kafin jikin ya rikice.

Batun oksijin kuwa, a nan haɗarin yake. Huhun mai wannan ciwo ba ya iya fitar da gurɓatacciyar iska yadda ya kamata, kuma idan oksijin ya yi yawa sai ita wannan iska ta taru a jini, mutum ya fara ciwon kai da gyangyaɗi, har ya kai ga suma, 'yan'uwa kuma suna murna wai ya samu barci. Shi ya sa ake so na'urar auna oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa ta nuna kashi 88 zuwa 92 cikin 100 ga irinsu. Kada kowa ya murɗa makunnin tukunyar oksijin sai da izinin ma'aikacin lafiya, kuma a nisanta ta da wuta da sigari.

Abin da ya fi rage haki yana hannunku. Ki zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, ya ɗora hannayensa a kan matashin kai bisa tebur, ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura abu mai zafi. Ƙaramar fanka da ke kaɗa iska a fuska tana taimakawa ƙwarai, ko da yake mutane kan raina ta. Haki yana jawo tsoro, tsoro kuma yana ƙara haki, saboda haka wani ya zauna kusa da shi cikin natsuwa, a rage cunkoson masu dubiya. Idan duk da haka bai lafa ba, likita na iya rubuta ɗan ƙaramin awo na mofin, wato wani magani mai ƙarfi na rage raɗaɗi, wanda idan aka bi ƙa'ida yana sassauta numfashi ba tare da ya gaggauta ajali ba.

A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan domin kakin ya yi laushi, kuma kada a ciyar da shi a kwance, tunda ƙwarewa na tura abinci cikin huhu. A goge masa haƙora da harshe safe da dare, ya kurkure baki bayan maganin shaƙa, a kuma juya shi bayan kowane awa 2 zuwa 4 don gudun gyambon kwanciya. Mai mura ya dakata da zuwa gaisuwa, mai jinya kuma ta yawaita wanke hannu.

Idan ciwo ya yi nisa har ya kasa tari, za ku iya jin kakari a maƙogwaronsa. Yawanci ƙarar ta fi damun masu saurare fiye da majinyacin, kuma kwantar da shi ta gefe ya fi zura roba a zuƙo majina. Ki kira nas ko likita nan take idan leɓɓansa suka yi shuɗi, ko numfashinsa ya haura 30 a minti ɗaya, ko ya kasa farkawa sosai. Idan kuma aka ga jini a kaki, ki nemi a yi masa gwajin tarin fuka, domin wannan yana da magani kuma yana iya yaɗuwa ga sauran mutanen gida.