Fatawa: Shin ya halatta Musulmi ya goyi bayan mamayar Yukren don jin haushin Amurka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Tudun Wada a nan Kaduna. Muna da majalisa da muke zama bayan sallar Isha'i, kuma zancen yaƙin Rasha da Yukren ya raba mu gida biyu. Wasu na cewa wajibi ne Musulmi ya mara wa Putin baya, tunda shi ne ke taka wa Amurka burki, ita kuwa ita ta rusa Iraƙi da Libiya, ita ke ɗaure wa Isra'ila gindi. Wasu na cewa mamaya zalunci ce ko wa ya yi ta. Har ta kai wani ya kira ɗan'uwansa ɗan koren Yahudawa, yanzu ba sa ko gaisawa. Shin wannan muhawara ta halatta? Wane ɓangare ne ke da gaskiya? Mene ne hukuncin bidiyon da muke tura wa juna a WhatsApp? Sannan akwai wani yaronmu da aka yi wa tayin aiki a can yankin da ake yaƙin, yana neman shawara.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, bibiyar labarin yaƙin da ake yi tsakanin ƙasashen da ba na Musulmi ba, da tattauna shi, halal ne. Farkon Suratur Rum ya sauka ne a kan yaƙin Rumawa da Farisawa, mutanen Makka suna muhawara a kansa, kuma Allah ya ba da labarin cewa muminai za su yi farin ciki ranar da Rumawa suka yi nasara. Haka sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha: da wani ya tasar wa Najjashi zai ƙwace mulkinsa, Ummu Salama ta ruwaito cewa sun yi baƙin ciki, sun yi masa addu'a, suka hura salka Zubairu ɗan Awwam ya rungume ta ya yi iyo ya ƙetare kogi don ya gane wa idonsa yadda yaƙin ya ƙare. Ka lura da wannan. Ba su dogara da an ce an ce ba, sun aika wanda zai gani.

Amma cewa wajibi ne Musulmi ya goyi bayan wane, wannan ƙarya ce ake jingina wa shari'a. Wajabci hukunci ne, sai da dalili, kuma babu shi a nan. Abin da ke wajibi shi ne adalci cikin magana. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci, shi ya fi kusa da taƙawa. Ayar tana magana ne a kan wanda kake ƙi, domin a nan ne adalci yake da wuya.

To bari mu auna lamarin da tarihinsa, don hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa.

Tarayyar Sobiyet ta rushe a ƙarshen 1991, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1 ga Disamba na wannan shekara sama da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe a Yukren suka zaɓi 'yancin kai. A Disamba 1994 aka sa hannu a yarjejeniyar Budapest: Yukren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada, Rasha da Amurka da Birtaniya suka ɗauki alkawarin mutunta iyakokinta. A ɗaya gefen kuma ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi ta matsowa gabas. Ta karɓi Polan da Hangari da Jamhuriyar Cek a 1999, ta ƙara ƙasashe bakwai a 2004, cikinsu har da uku da a da suke cikin Tarayyar Sobiyet, sannan a taron Bukares na 2008 ta shelanta cewa Yukren da Jojiya za su shigo wata rana. Rasha ta daɗe tana cewa ba za ta lamunci haka ba. A Fabrairu 2014 zanga-zanga ta kori shugaba Yanukovich mai ɗasawa da Mosko, a Maris Rasha ta haɗe yankin Kirimiya na Yukren, faɗa ya ɓarke a yankin Donbas da ke gabashin ƙasar, yarjejeniyoyin Minsk na 2014 da 2015 suka kasa tsayar da shi. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 sojojin Rasha suka kutsa ta fuskoki da yawa, har suka doshi babban birnin Kiyef.

Masu cewa idan ɓera da sata daddawa ma da wari ba su yi ƙarya ba. Tsoron Rasha game da NATO yana da asali, kuma wanda ya ambaci wannan bai yi laifi ba. Inda kuskuren yake shiga shi ne a mai da bayanin sababi ya zama halattawa. Sanin abin da ya kai mutum ga aikata abu daban, wanke shi daga laifi daban, kuma alƙali yana sauraron na farko ba tare da ya ba da na biyu ba.

Shari'armu ta yi magana a kan shugaban da ke tsoron ha'inci daga wanda suke da alkawari da shi. Suratul Anfal, aya ta 58, ta ce ya jefa musu alkawarinsu a fili, kowa ya san an warware. Malamai suka ce sai alamun ha'incin sun bayyana, zato kawai bai isa ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Mu'awiya yana da yarjejeniya da Rumawa, sai ya fara matsawa da runduna kusa da iyakarsu don ya afka musu da zarar wa'adi ya cika. Sai ga Amru ɗan Abasa a kan doki yana kabbara yana cewa cika alkawari, ban da yaudara, ya kuma karanta masa hadisin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a kan haka. Mu'awiya ya juya da rundunarsa. Wa'adin ma zai jira ya cika, amma duk da haka aka hana shi. Ka gwada wannan da ƙasar da ta sa hannu a 1994, ta tara sojoji a kan iyaka tana musun cewa tana da niyyar shiga har makwannin ƙarshe, sannan a Satumba 2022 ta shelanta haɗe yankuna huɗu, Donetsk da Luhansk da Zaporijiya da Kerson. Wanda yake kare kansa ba ya rubuta ƙasar maƙwabci da sunansa. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi tun daga ƙasa bakwai. Na sani waɗannan hukunce-hukunce shugabannin Musulmi aka fuskanta da su, amma su ne ma'aunin da Musulmi yake riƙe da shi idan zai ce wannan daidai ne, wancan kuskure. Ba shi da wani na biyu da yake ajiye wa wanda yake so.

Don haka hukuncin shi ne: wannan mamaya zalunci ce, kuma bai halatta ka kira ta adalci ba, ko ka yi murna da bom ɗin da ya faɗa kan gidajen mutane da asibitoci da tashoshin lantarki. A Suratu Hudu, aya ta 113, an hana ko karkata zuwa ga azzalumai.

Da ma'aunin nan ɗaya muke cewa mamayar da Amurka da Birtaniya suka yi wa Iraƙi a Maris 2003 zalunci ce, an gina ta a kan zargin makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba, kuma ita Yukren ɗin ta tura sojojinta cikin wannan ƙawance. Rusa Libiya a 2011 ya watsa makamai cikin Sahel, mu nan Arewa mun san abin da hakan ya jawo. Mamayar da Isra'ila ke yi wa ƙasar Falasɗinawa zalunci ce tsantsa, kuma fuska biyu da ƙasashen Yamma ke nunawa a kanta kowa ya gani. Haushin abokanka yana kan hanya. Sai dai su yi tunani: duk wanda ya yarda cewa mai ƙarfi yana da damar cinye ƙasar maƙwabcinsa da sunan tsaro ko tarihi, ya miƙa wa Isra'ila hujjarta da hannunsa. Da wane baki zai yi magana gobe a kan Gaza da Yammacin Kogin Jodan?

Shi kuma Putin da ake ɗauka garkuwar Musulmi, a duba tarihinsa da na ƙasarsa. Sojojin Sobiyet sun mamaye Afganistan daga 1979 zuwa 1989. An ragargaza Girozni, babban birnin Ceceniya, a yaƙe-yaƙe biyu, na biyun a zamanin hawan Putin. Jiragen Rasha sun yi ruwan bama-bamai a Siriya tun daga Satumba 2015, Halab ta shaida. Tatar na Kirimiya Musulmi ne, Stalin ya kwashe su daga ƙasarsu a 1944. A yau akwai Musulmi a rundunar Rasha, akwai su a ta Yukren, har Ceceniyawa suna ɓangarorin biyu. Ina jihadi a nan? Mun taɓa yin irin wannan ɗoki a 1990, lokacin da Saddam ya mamaye Kuwaiti, ƙasar Musulmi, aka yi ta raɗa wa jarirai sunansa don kawai ya ja da Amurka.

Akwai abin da ya halatta, kada a matsa wa mutane. Mutum ya ga cewa duniya ta fi zama lafiya idan ba ƙasa ɗaya ce ke juya ta ba, ko ya ga maslahar Najeriya tana cikin hulɗa da kowane ɓangare, ko ya soki ƙuri'ar da Najeriya ta kaɗa cikin ƙasashe 141 da suka yi tir da mamayar a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris 2022, ko ya yaba mata, duk wannan ra'ayin siyasa ne, ana saɓani a kansa ba tare da zunubi ba. Addu'a kuwa, ka roƙi Allah ya taimaki wanda aka zalunta ko wane ne shi, ya kare Musulmin ƙasashen biyu, ya kashe wutar. Mu ma da rabonmu a wahalar, manomi ya ji ta a kuɗin taki, mai gidan burodi ya ji ta a buhun fulawa.

Batun bidiyo. Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, kuma danna turawa faɗa ne. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarci a bincika. A wannan yaƙin an yaɗa hotunan wasan kwamfuta a matsayin harbo jirgi, an yaɗa fashewar tashar jiragen ruwan Beirut ta 2020 da sunan Yukren, an ƙirƙiri bidiyon shugaban Yukren Zelenski yana umartar sojojinsa su ajiye makamai a Maris 2022. Kafin ka tura, nemi wanda ya fara sakin abin da ranar da ya sake shi. Ɗauki hoton wani sashe ka sa a Google Lens, sau da yawa zai nuna maka tsohon abu ne daga wata ƙasa. Dubi yaren da ke jikin alluna da lambar motoci, da yanayi, ko sanyi ne ko bazara. Adadin matattu da ma'aikatar tsaron kowane ɓangare ta fitar, da'awar mai husuma ce, ka jingina ta ga mai ita, kada ka ce ta tabbata. Idan ba ka iya tantancewa ba, abin ya tsaya a wayarka. Hoton gawa da tsiraicinta kuwa, ko ya tabbata kada a yaɗa, ɗan Adam yana da alfarma a raye da mace. Wanda ya riga ya tura ƙarya, ya koma inda ya tura ta ya warware.

Wanda ya ce wa ɗan'uwansa ɗan koren Yahudawa ya yi ƙazafi, idan kuma yana nufin fitar da shi daga addini ne to lamarin ya fi muni, domin hadisi ya ce kalmar tana komawa kan ɗayansu. Ya tuba, ya je ya nemi yafiya. Ƙauracewa fiye da kwana uku haramun ce, mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama, kai kuma da ka kawo tambaya ka shiga tsakani ka sulhunta su. Ku sa wa majalisar ƙa'ida: wanda ya kawo labari ya faɗi inda ya samo shi, ban da zagi, ban da caca a kan wanda zai ci, kuma a tashi da wuri kada hira ta cinye sallar Asuba. Kaduna ta ga abin da harshe ya haifar a 2000 da 2002, ba garin da za a yi wasa da kalmomin raba mutane ba ne. Kuma kun ga Agusta 2024, da matasa suka ɗaga tutar Rasha a zanga-zanga, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, aka kama mutane da dama. Ɗaga tutar wata ƙasa don kiranta ta shigo cikin lamarinmu bai halatta ba, kiran irin abin da muke kuka da shi ne.

Yaron da aka yi wa tayi, ku riƙe shi. Shiga wannan yaƙi don albashi, a kowane ɓangare, haramun ne: zai kashe wanda bai halatta ya kashe ba, wataƙila Musulmi ɗan'uwansa, kuma ya jefa kansa cikin halaka. Tun Maris 2022 gwamnatin Najeriya ta ce ba ta yarda a ɗebi 'yan ƙasa zuwa yaƙin ba. An kuma sami 'yan Afirka da aka yaudara da sunan aikin gadi ko masana'anta ko karatu, suka tsinci kansu a fagen daga. Idan aikin na halal ne da gaske, a kawo takardar kwantiragin tun yana gida, a ba wanda ya iya yaren kuma ba shi da alaƙa da dillalin ya fassara ta, a duba irin bizar da aka ba shi, a tabbatar ba ma'aikatar tsaro ko masana'antar makamai ce ke ɗaukarsa ba, kuma kada ya miƙa fasfonsa ga kowa. Idan dillalin ya ce sai an isa can za a sa hannu, kada ya tafi, kuma iyayensa suna da haƙƙin hana shi.

Wallahu a'alam.