Gam ɗin botom filet, da injin da na biya ba da haƙƙina ba

Kai Sani, na ga saƙonka. Ka ce Corollar kawunka ta daki dutse a cikin ruwan da ya kwanta a hanyar Agege, botom filet, wato farantin ƙasan inji da baƙin mai yake taruwa a ciki, ya lotse yana ɗigar da mai, kana so ka canza masa ranar Lahadi a ƙofar gida. Za ka iya. Abin da ya ɓata min rai shi ne tambayarka, wai gam guda nawa za ka sayo. Duk wanda ya yi wannan tambayar, niyyarsa ya lafta.

Ba zan tsaya koya maka tsiyaye mai da kwance noti mai lamba 10 ba. In har yau ba ka iya wannan ba, zamanka a garejina asarar abinci ne. Kada dai ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ka tokare ta da ƙarfe.

Wani dillalin albasa na kasuwar Mile 12, ɗan uwanmu Bahaushe, ya taɓa kawo min Camry, irin wadda ake cewa big dadi. Sabis kawai ya ce in yi, mai da filta. Da na shiga ƙasa sai na ga jan gam ya tumbatso ta gefen filet ko'ina, kamar an yaɓa wa katanga laka. Na ce, Alhaji, wa ya taɓa nan? Ya ce wallahi haka ya sayi motar, ba wanda ya taɓa sa mata sifana. Na zuba mai, ya biya, ya tafi.

Ba a yi mako ba, a kan titin Ikorodu wajen Ketu fitilar mai ta kawo masa. Maimakon ya tsaya, ya ci gaba da taka mota don yana sauri, har inji ya buga. Sai ga shi da janwe da tarin mutane, yana ihu a bakin gareji wai na zuba masa jabun mai. A gaban kowa na kwance filet ɗin. Rariyar da famfon mai yake tsotsa ta cikinta ta toshe ƙam, na riƙa zaro zaren gam da yatsa ina nuna musu. Man yana nan cike, hanyar hawa sama ce babu, metal, wato ƙarafan da sandar inji karanshaf take juyawa a kansu, ya cinye, karanshaf ɗin ya ƙone. Duk wanda ya san inji ya gane. Amma dattawan da suka shiga tsakani ba makanikai ba ne. Suka ce hannuna ne na ƙarshe a kan motar, kuma bai dace Hausawa su yi ta tone-tone a garin mutane ba, in yi haƙuri a raba asara. Rabin kuɗin inji tokumbo daga Ladipo ni na biya, da kuɗin da nake tarawa na kayan ɗakin 'yata. Daga baya yaronsa da bakinsa ya gaya min su ne suka canza filet ɗin a gida, suka matse gam biyu kaf a kai, suka zuba mai nan take. Har yau muna haɗuwa da Alhajin a masallacin Juma'a, yana miƙo min hannu ko kunya babu. Sallama nake amsawa don wajibi ce, ban yafe ba.

To ka ji. Wannan injin na Toyota ba shi da gasket a filet, gam ne gasket ɗinsa, shi ya sa yake riƙewa bayan ka cire notuna. Kada ka cusa sukudireba ka ɓanɓare, jikin injin alminiyam ne, in ka yi masa rauni zai yi ta tsatsafa har a sayar da motar. Ka bi da siririn ƙarfe mai faɗi a hankali. Ka kankare tsohon gam tas, ka goge da fetur, ka bar shi ya bushe, don gam ba ya kama wurin da yake da maiƙo. Tunda ka buɗe, leƙa rariyar. Dukan da ya lotsa filet yana iya lanƙwasa ta ko ya tsaga bututunta.

Gam guda ya ishe ka har ya yi saura. Zare ɗaya za ka ja, kaurin milimita 3 zuwa 4, ba yankewa, ya bi ta gefen ciki na ramukan noti. Ka ɗora cikin minti 3, kafin ya fara yin fata. Ɗauri daga tsakiya, nan da can, da ɗan ƙaramin hannu. Notunan nan ƙanana ne, ƙarfin ɗaurinsu a sifanar awo kusan Nm 9 ne kawai, amma ku yaran yanzu komai sai kun nuna ƙarfi, ku tsinke noti a cikin inji ku zo kuna sosa ƙeya. Sannan ka bar shi aƙalla awa 2 kafin ka zuba mai. A nan na san za ka gaza, don ba ku da zama. Ku kalli bidiyon minti biyar a waya, ku ɗauka kun zama oga, wata shida kuna maganar firidom, wai a yaye ku. Mu sai da muka shekara muna wanke notuna kafin a ba mu sifana.

In ka tayar, idonka a kan fitilar mai. Ta wuce 'yan daƙiƙu ba ta mutu ba, kashe motar.

Kafin ka shafa gam, ɗauki hoton rariyar da fuskar injin ka turo min, tunda wayar ba ta barin hannunka. Kuma ka gaya wa kawun naka a gaban shaida cewa filet kaɗai ka taɓa.