Tsohon lilon dawaki: in na saya, zai gyaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin da muke yara a Tawa, in Sallah ta zo akwai wani lilo mai dawakin katako da ake kafawa a fili. Samari ne ke tura shi da hannu, mu ba da ƴan dalolinmu mu hau. Yau babu shi, jikokina ko labarinsa ba su sani ba. Kwanan baya na ga irinsa a jibge cikin wani gida a Yamai, an ce na sayarwa ne. Me ke kashe irin waɗannan abubuwa? In kuma na saya, zai gyaru har yara su hau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya jikoki. Tambayarka ta faranta mini rai, domin yawancin masu zuwa wurina sabon kaya suke nema, da wuya a samu mai tunanin tada tsoho.

Yawan shekaru ba shi ne ke kashe lilo ba, tsayawa ce. Duba babban lilon nan mai siffar ƙafar keke a tsaye da injiniya George Ferris ya kafa a birnin Shikago na Amurka a 1893. Tsayinsa ya kai mita 80, ɗakunansa 36, kowane na ɗaukar mutum 60. Da aka tashi bikin baje kolin da aka gina shi dominsa, sai kasuwarsa ta yi ta ja baya, aka yi ta ƙaura da shi, har a 1906 aka sa masa nakiya aka sayar da ƙarfen. Shekara 13 kacal ya yi. Shi kuwa na birnin Biyana a Ostiriya, wanda aka gina a 1897, wuta ta ci shi a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, amma mutanen gari ba su yarda ya tafi ba. Suka gyara shi, suka rage ɗakunan daga 30 zuwa 15, kuma har yau yana juyawa. A lambun wasanni na Tivoli da ke Kofanhegan, babban birnin Danmak, akwai jirgin wasa na 1914 da har yanzu ma'aikaci ke zama a cikinsa yana jan birki da hannu. Abin da ya raya waɗannan shi ne kullum akwai mai hawa, saboda haka kullum akwai mai shafa giris, mai ɗaure kusa, mai sauya katakon da ya gaji.

A nan gida matsalar ta fi tsanani. Lilon Sallah aikinsa kwanaki kaɗan ne sau biyu a shekara, sauran watannin yana kwance a bayan gida. Zafin Afrilu da Mayu ya tsattsaga katako, damina ta cika ƙasan ginshiƙi da ruwa, gara ta shiga cikin dawakin, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta riƙa cin ƙarfe. Mai shi ya rasu, magada su kira masu sayen tsohon ƙarfe a kilo. Haka yawancinsu suka tafi, ba tare da kowa ya yi niyyar kashe su ba.

To, zai gyaru? Sau da yawa yana gyaruwa, amma sai ka raba shi gida biyu a ranka. Akwai abin da kake kewa: dawakin, fentinsu, rumfar sama. Akwai kuma abin da ke ɗauke da ran ɗan mutane: ginshiƙin tsakiya, rulman da yake juyawa a kansa, sandunan da dawakin ke rataye, da kusoshi. Na farkon ka lallaɓa shi yadda za ka iya. Na biyun kada ka ji tausayinsa ko kaɗan.

Ka je da ƙwararren mai walda kafin ka biya ko dala. Ya ƙwanƙwasa gindin ginshiƙin da guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsawo, wanda tsatsa ta cinye ta ciki kuwa sai ka ji ɗif. A kankare fenti a kowace mahaɗa, a shafa kananzir, a bar shi ya jiƙa, a goge tas, sannan a shafa alli. In akwai tsaga, ko siririya ce kamar gashi, kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. Inda aka ga tsaga a yanke wurin a sa sabo, kada a yarda a ɗora walda a kanta a rufe da fenti. Kusoshi da rulma duk a sauya, ko da sun yi kyau a ido. A kasuwar Katako ta Yamai za ka samu ƙarfe iri-iri, amma na waɗannan wurare sabo za ka nema.

Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, mai cutar da ƙwaƙwalwar yara. A jiƙa shi kafin a kankare, nesa da inda suke wasa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a ba ka shawarar sa masa inji. Wanda ya ƙera shi ya auna shi ne da ƙarfin hannun samari. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke fizgar doki da yaro zuwa waje ninkawa huɗu yake yi, tsohon katako kuma ba zai ɗauka ba. Bar shi a hannu yadda ka san shi. Mai turawa yana ganin fuskar yaro, in ya tsorata sai ya sassauta.

Bayan an haɗa, a ɗaura buhunan yashi da suka fi yara nauyi a kan kowane doki, a juya shi na tsawon lokaci, a sake duba mahaɗai. A kewaye shi da shinge, ka nemi izini a ma'aikatar magajin gari, ka kuma tanadi rumfar ajiya da wanda zai riƙa juya shi yana shafa masa giris ko ba Sallah. In ginshiƙin ya riga ya mutu, kuɗin sabo zai iya fin na lilon duka, sai ka yi cinikin dawakin kaɗai, ka sa a ƙera musu sabon gindi a Tawa.